Tambaya kan rage tsayin bayan babur ta hanyar sauya ƙarafan da ke ƙarƙashin shok

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin manyan babura, musamman masu shok guda ɗaya a baya. Na sayi Suzuki DR650 na hannu, irin ƙirar da aka fara fitarwa a 1996, domin zirga-zirga tsakanin Samaru da gonarmu da ke wajen Giwa, inda hanyar take barin kwalta ta shiga burji da yashi, da damina kuma ta koma laka. Inji lafiyarsa ƙalau, sai dai babur ɗin ya yi mini tsayi. Kujerarsa tana da tazarar milimita 885 daga ƙasa, ni kuwa ba dogo ba ne, saboda haka idan na tsaya a cunkoson Kwangila ko na PZ, yatsun ƙafa ɗaya kaɗai suke taɓa ƙasa, idan kuma wurin yana da gangare sai in ji nauyin yana neman rinjaya ta.

Wani mai walda ya leƙa ƙarƙashin babur ɗin ya nuna mini wasu ƙarafa biyu masu faɗi, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda suke haɗa hannun da ke riƙe da tayar baya da wani ƙarfe mai kusurwa uku da gindin shok yake ɗaure a jikinsa. Ya ce zai yanka su ya rage musu kamar inci ɗaya, ya mayar da walda, bayan babur ya sauka da inci ɗaya. Wani abokina kuma ya ce ba haka ba ne, ƙara musu tsawo ake yi. Shi ne nake tambaya: wanne ne daidai a cikin maganganun nan biyu, kuma tsawo nawa ya kamata a taɓa idan ina son kujera ta sauka da kamar milimita 40? Sannan ina son in san abin da wannan sauyi zai jawo wa tafiyar babur ɗin, domin nakan ɗauki mutum a baya, wani lokaci kuma buhun taki. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Bakaniken Sabon Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, kada ka bari a sa wa ƙarafan nan zarto ko wutar walda. Abokinka ne yake da gaskiya: a kan DR650, haka ma a kan V-Strom 650 da SV650 na Suzuki da KLR650 na Kawasaki, dogayen ƙarafa ne suke saukar da baya, gajeru kuwa ɗaga shi suke yi. Da mai waldar ya yi abin da ya faɗa, da ka tarar da babur ɗinka ya ƙara tsayi fiye da yadda ka kai shi.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa idan mutum ya tsuguna ya kalli wurin yayin da wani yake danna kujera. Idan nauyi ya hau, hannun taya yana yin sama, sai ya ja ƙarafan biyu, su kuma su ja ƙarfe mai kusurwa uku ya juya, juyawarsa ce take matse shok daga ƙasa. Ke nan aikinsu ja ne, ba turi ba. Idan suka yi tsawo, sai hannun taya ya ƙara yin sama kafin su fara jan komai, wato taya ta matso kusa da kujera, kujera kuma ta matso kusa da ƙasa. Amma ban ce haka abin yake a kan kowane babur ba, domin kowane kamfani da yadda ya jera nasa ƙarafan, kuma akwai ƙirar da abin yake juyewa. Babura irin su Boxer da Jincheng da 'yan acaba suke hawa ma ba su da waɗannan ƙarafa ko kaɗan. Shok biyu gare su da suke ɗaure kai tsaye a hannun taya, shi ya sa bakaniken da ya saba da su kaɗai zai iya yi maka lissafin da ba shi ne ba ba tare da mugun nufi ba.

Magana ta biyu ita ce ba a lissafin inci ɗaya da inci ɗaya. Ƙarafan suna ɗaure ne kusa da gindin hannun taya, ita kuwa taya tana can ƙarshensa, don haka duk milimita ɗaya da aka ƙara musu tana ninkuwa kafin ta isa wurin taya, sau da yawa har ninki uku ko kusa da haka. Wanda ya ƙara inci guda cur zai saukar da baya fiye da ƙima. Hanyar sanin tsawon da ake bukata ita ce awo a jikin babur ɗin kansa: a ɗora shi a kan jak ko kututture ta ƙarƙashin inji har tayar baya ta bar ƙasa, a auna daga tsakiyar sandar taya zuwa wata alama da aka yi a madigadi daidai samanta, a kwance ƙarafan biyu, a ɗaga taya da katako har awon ya ragu da adadin da ake so, sannan a auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar ramukan biyu da ƙarafan suke shiga. Wannan tazarar ita ce tsawon sababbin ƙarafa.

Duk da haka, a kan naka babur ba na ganin kana bukatar wannan aiki. Suzuki da kansu sun tanadi hanyar sauke DR650 da milimita 40, daga 885 zuwa 845, daidai abin da kake nema. Ka duba gindin shok ɗinka, za ka ga ramuka biyu, ɗaya a saman ɗaya, kuma bol yana cikin na ƙasa. Ana mayar da shi ramin sama, ana kife mazaunin sifirin na shok ɗin, a gaba kuma ana buɗe shok biyun a sauya wa wani ɗan bututun ƙarfe wuri a cikinsu, sannan a sa gajeren sitan, wato ƙafar da babur yake jingina a kanta idan an ajiye shi. Idan wanda ya riƙe babur ɗin kafin kai bai sauya shok na asali ba, wannan ita ce hanyar da zan bi.

Injiniya daga Basawa ya amsa:

Maigida Bakanike ya faɗi abin da ya kamata a fara ji. Ina so in ƙara bayani a kan dalilin da ya sa hanyar kamfani ta fi sauya ƙarafa, domin bambancin ba a ganinsa idan babur yana tsaye, sai ranar da ya faɗa rami da kaya a bayansa.

Wannan tsari ya yaɗu ne ta baburan tseren daji. A irin waɗannan babura, Kawasaki sun fito da nasu mai suna Uni-Trak a 1980, Honda da Pro-Link, Suzuki da Full Floater a 1981, kuma abin da duk suke nema ɗaya ne: shok ya yi laushi a farkon tafiyarsa domin ya shanye ƙananan duwatsu da gargada, ya riƙa ƙara tauri yayin da taya take ƙara yin sama, domin kada ya ƙure idan an yi tsalle. Ƙarfe mai kusurwa uku da ƙarafan nan biyu su ne suke samar da wannan ƙarin tauri, ta hanyar sauya yawan matsewar da shok yake yi a kan kowace milimita da taya ta motsa. Saboda haka tsawonsu ba tsayin babur kaɗai yake ƙayyadewa ba, har da halin shok ɗin gaba ɗaya. Idan aka ƙara musu tsawo, a mafi yawan irin waɗannan babura taya tana ƙara samun rinjaye a kan sifirin, sai bayan ya ƙara laushi, alhali mai ɗaukar fasinja da buhun taki tauri yake bukata.

Babban abin lura shi ne wannan. Tayar bayan DR650 tana da tafiyar milimita 260 daga inda shok ya miƙe gaba ɗaya zuwa inda ya ƙure, kuma masu ƙirar sun bar mata fili a ƙarƙashin madigadi daidai da hakan. Dogayen ƙarafa ba sa rage wa shok tafiyarsa ko kaɗan. Abin da suke yi shi ne su matsar da mafarin tafiyar zuwa sama. Idan mafari ya matsa da milimita 40, ƙarshen tafiyar ma yana matsawa da kusan hakan, zuwa wurin da ba a tanadi fili ba, sai taya ta daki cikin madigadi ko wayoyin fitilar baya kafin shok ya kai ga robar da take tare shi. Idan taya mai gudu ta daki jikin babur da ƙarfi, tamkar an taka birkin baya ne ba zato. Hanyar kamfani kuwa tana rage tafiyar ne zuwa milimita 220: kife mazaunin sifirin da aka ambata shi ne yake sa shok ya ƙure da wuri, don haka taya ba ta wuce iyakarta ta asali. Wanda ya mayar da bol ramin sama bai kife mazaunin ba, rabin aiki ya yi, kuma ya jawo wa kansa matsala iri ɗaya da ta dogayen ƙarafa.

Sai maganar gaban babur. Tazarar da ke tsakanin tayoyin irin wannan babur tana kusa da milimita 1,500. Idan baya ya sauka da milimita 25 aka bar gaba yadda yake, babur ɗin gaba ɗaya ya jingina baya da kusan digiri ɗaya, idan kuma 40 ne, digiri ɗaya da rabi ke nan. A ido wannan ba komai ba ne, amma a hannu ana jinsa: shok ɗin gaba ya ƙara kwantawa, kan babur ya yi nauyin juyawa, a kwana ya riƙa neman buɗewa waje, nauyi ya ragu a kan tayar gaba, fitila kuma ta koma haska idon masu tahowa maimakon hanya. A miƙaƙƙen titi kamar na Zariya zuwa Funtuwa wani zai ce babur ya ƙara natsuwa, kuma gaskiya ne, amma a lungunan cikin birni da kwanonin hanyar gona za a ji ya yi taurin kai. Masu sauya ƙarafa sukan gyara wannan ta hanyar sassauta maɗaurin shok ɗin gaba su tura bututun sama kaɗan. Wannan ma yana da iyaka, domin duk abin da aka tura an rage shi ne daga filin da ke tsakanin taya da madigadi, kuma kan bututun yana iya tokarar sandar hannu.

Game da walda, ina roƙon kowa ya bar ta a wannan wuri. Ƙarfin da yake bi ta cikin ƙarafan nan ya ninka nauyin da ke kan taya, kuma ba a tsaye yake ba, yana zuwa yana komawa a kowane rami da kowane tudun rage gudu. Irin wannan ja da saki shi ne yake gajiyar da ƙarfe, tsagewar kuma takan fara ne daga gefen walda ko daga ramin da aka huda da wuta, ta riƙa ci a ɓoye har ranar da za ta ƙarasa. Idan suka tsinke, bayan babur zama yake yi a kan taya nan take. Wanda ya ga lallai sai ya ƙera sababbi a gida, to ya nemi ƙarfe mai kyau wanda kaurinsa da faɗinsa ba su gaza na asali ba, ya zama falle ɗaya ba haɗi, a ɗaure biyun tare a huda su lokaci guda a kan injin huda domin kada ɗaya ya fi ɗaya ko da rabin milimita, a bar isasshen nama a kewayen ramin, ramin kuma ya zama daidai kaurin bol ba tare da wasa ba. A mayar da bol ɗin asali. Idan ya lalace, kada a sayi na kasuwa wanda ba shi da lamba a kansa; lambobin 8.8 da 10.9 da ake gani a kan bol ƙarfinsa suke nunawa, kuma ba a sauka ƙasa da abin da kamfani ya sa.

Mahayi daga Hanwa ya amsa:

Ina girmama bayanin Maigida da na Injiniya, amma ni ina ganin an yi saurin amincewa da cewa sai an sauke babur ɗin. Malam ya ce hanyar gona yake bi. Tazarar cikin DR650 daga ƙasa milimita 265 ce, kuma ko ta hanyar kamfani aka bi za ta koma 225. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Giwa ko na Soba a watan Agusta, bayan manyan motoci sun tona su sun bar tudu a tsakiya, ya san cewa wannan milimita 40 ba ƙaramin abu ba ne, kuma saboda ita aka sayi irin wannan babur aka bar Boxer.

Akwai abubuwa biyu da suka fi arha waɗanda ban ga an ambata ba. Na farko, a auna yawan zaman da baya yake yi idan mai shi ya hau. Ƙa'idar da aka saba bi a irin waɗannan babura ita ce ya zauna da kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar taya, wato wajen milimita 85 a cikin 260. Baburan da ake kawo mana na hannu, da yawansu waɗanda suka riƙe su a Turai ko Amurka manyan mutane ne, ko kuma masu ɗaura kayan tafiya, sun matse sifirin sosai. Idan Malam ya hau ya ga baya ya zauna da milimita 50 kawai, to sassauta zoben sifirin zai ba shi wajen 35 ba tare da ya sayi komai ba, kuma shok ɗin zai fi yin aiki yadda aka tsara shi. Sai dai kada a wuce ƙa'ida a sassauta shi gaba ɗaya don neman gajarta, musamman ga mai ɗaukar kaya.

Na biyu, kujera. Masu ɗinkin kujerun mota a Sabon Gari da Tudun Wada suna iya cire rigar su fere soson. Ba saman kaɗai ake ragewa ba. Fere gefuna biyu na gaba, inda cinyoyi suke sauka, shi ya fi taimakawa, domin kujera mai faɗi tana buɗe ƙafafu ta cinye tsawonsu. Wannan bai taɓa tafiyar babur ko tazarar cikinsa ba. Kuma a ganina ba dole ne ƙafafu biyu su dafe ƙasa ba. Masu hawa dogayen babura suna zamewa ne gefe ɗaya su kafa ƙafar hagu sosai, ta dama tana kan birki.

Ɗan Samaru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na duba gindin shok ɗin, ramuka biyun suna nan kamar yadda Maigida ya faɗa, bol kuma yana cikin na ƙasa. Mun yi awon da ɗan'uwa na Hanwa ya kawo, zaman bai yi nisa da ƙa'ida ba, saboda haka babu abin kirki da zan samu daga sifirin. Na yanke shawarar bin hanyar kamfani tare da fere kujera, domin tsayuwa a cunkoso kullum ce, tudun tsakiyar hanya kuwa na 'yan watanni ne. Saura tambaya biyu, Maigida. Shin sarƙa tana bukatar wani gyara bayan an sauke babur? Kuma idan duk da haka bai ishe ni ba, zan iya ƙara dogayen ƙarafa a kan abin da aka riga aka yi?

Bakaniken Sabon Gari ya sake amsawa:

Sarƙa tana bukatar a duba ta, Malam, ko ta wace hanya aka sauke babur. Tana kai matuƙar ɗaurewarta ne a lokacin da abubuwa uku suka jeru a layi ɗaya: tsakiyar ƙaramin sifiroket na inji, sandar da hannun taya yake juyawa a kanta, da sandar tayar baya. Babur da aka sauke yana tsayawa ne kusa da wannan layi fiye da da, don haka sakin da za ka auna yana tsaye ba zai zama ɗaya da na dā ba. Hanyar da ba ta kuskure ita ce, tun da za a kwance gindin shok a lokacin aikin, a ɗaga taya da hannu har abubuwa ukun su jeru, a juya taya a nemo inda sarƙa ta fi ɗaurewa, a bar mata ɗan saki a nan, sannan bayan an haɗa komai a sake aunawa babur yana tsaye a rubuta adadin a ajiye. Sarƙar da ta ɗaure da yawa tana cin boris ɗin da ke bayan ƙaramin sifiroket, kuma gyaran wannan sai an tsaga inji. A duba kuma ƙaramar tayar roba da ke saman sarƙa a jikin firam. A wannan ƙirar an san sarƙa tana dukanta idan baya ya nutse sosai, har maɗaurinta ya ɓalle, shi ya sa da yawa daga masu DR650 suke cire ta su toshe ramin da bol.

Kada ka fita da babur ɗin kafin a gyara sitan. Idan babur ya sauka sitan bai ragu ba, zai tsaya kusan a miƙe, iska ko yaro ya jingina da shi sai ya faɗi ta dama. A nan walda ba ta da laifi: a yanka daga tsakiya, a rage kaɗan kaɗan ana gwadawa a ƙasa mai daidai, a zura guntun ƙarfe a ciki kafin a haɗe. Fitila ma a daidaita ta da dare a jikin bango, kana kan kujera.

Tun da za a buɗe wurin, a zare sandunan ƙarfe mai kusurwa uku a wanke boris ɗinsa masu siraran allurai a cika su da giris. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga wurin, kuma yawancin baburan hannu da suke zuwa wurinmu da ƙorafin cewa shok ya yi tauri, idan aka buɗe sai a tarar boris ne suka bushe suka yi tsatsa.

Haɗa hanyoyin biyu kuwa ban ba ka shawararsa ba, domin dogayen ƙarafa za su mayar da kai cikin matsalar da Injiniya ya bayyana, ga ciki ya ƙara kusantar ƙasa, ga fasinja da taki a baya. Idan bayan ka hau shi na wani lokaci ka ga lallai kana son ƙarin, to kada ya wuce abu kaɗan, kuma a yi gwajin da ake yi wa kowane sabon ƙarfe: a cire sifirin daga shok, a mayar da shok ɗin da sababbin ƙarafan, a ɗaga taya da jak har shok ya matse robarsa sosai, sannan a juya taya a leƙa ko'ina, madigadi da salansa da igiyar birki da wayoyi. Idan yatsa biyu ba su shiga tsakanin haƙoran taya da jikin babur ba, a cire ƙarafan a mayar da na asali.